Dakta J. M. Dalziel (1872–1948): Likitan da Ya Taskace Sunayen Tsirran Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi rayuwar John McEwen Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, daga baya kuma ya yi tarayya da John Hutchinson wajen rubuta kundin tsirran Afirka ta Yamma. An ɗauki dangin shuwaka a matsayin zakaran gwajin dafi, domin a ga abin da ya tsaya da abin da ya sauya a cikin aikinsa bayan masana sun koma raba tsirrai bisa salsalarsu. An kuma waiwayi ƙasar Gwandu, wadda take cikin Lardin Sakkwato a zamanin da ya yi aiki.

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 yana neman ma'anar sunan wani itace ko haki, zai tarar an ajiye masa kalmomin Latin guda biyu a gaban sunan. Mafi yawanmu kwafewa muke yi mu wuce, ba mu tsaya tambayar wanda ya fara haɗa sunan Hausa da na Latin ba, balle mu tambayi ko haɗin yana nan daidai har yau. Bargery ma'aikacin mishan ne kuma jami'in ilimi, Abraham kuwa soja ne da ya rikiɗe ya zama masanin harsuna, don haka babu ɗayansu da sana'arsa ta shafi tsirrai. Kaso mai yawa na waɗannan sunaye ya samo tushe ne daga aikin mutum ɗaya, wato Dakta Dalziel. 'Yan ƙasarsa ta Sikotlan suna furta sunan kamar Diyel, domin harafin da ke tsakiyarsa gyauron wani tsohon harafi ne da aka daina rubutawa.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita kalmomi uku da za a riƙa maimaitawa. A wannan maƙala, iri shi ne tsiro guda da aka sani da sunansa, kamar shuwaka. Gida shi ne rukunin ire-iren da masana suka ga sun fi kusa da juna, kuma sunansa ne kalmar farko a cikin sunan Latin. Dangi kuwa tarin gidaje ne. Dangin da aka fi mayar da hankali a kansa a nan shi ne wanda littattafan zamanin Dalziel suke kira Compositae, na yau kuma suka fi kira Asteraceae. Za a kira shi dangin shuwaka.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Dalziel a birnin Nagpur na ƙasar Indiya a ranar 16 ga Mayu, 1872. Ya karanci aikin likita a Jami'ar Edinburgh, ya kammala a 1895, sannan ya tafi kudancin ƙasar Sin a matsayin likitan mishan, inda ya zauna har 1902. A can ne, a yankin Shantou na lardin Guangdong, ya fara tsinko tsirrai yana busarwa yana aikawa gida. Ɗaya daga cikin abin da ya tsinko an raɗa masa sunansa, kuma tun a wannan tsiro ake iya hango abin da zai sami sauran aikinsa: an fara kiran sa Chirita dalzielii, aka mayar da shi gidan Opithandra, sannan a 2011 aka sake kwashe shi zuwa gidan Oreocharis.

3.0 Zamansa a Nijeriya ta Arewa

A 1905 Dalziel ya shiga aikin likitancin gwamnatin Ingila a Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya ta Arewa. Shekara biyu ke nan da faɗuwar Sakkwato a hannun sojojin Lugard, ƙasa ba ta gama lafawa ba, domin a shekarar da ta biyo baya aka yi yaƙin Satiru, aka kuma sauya Sarkin Gwandu, Birnin Kabi ta zama mazaunin sarautar. Likitan gwamnati a wancan lokaci ba ya daɗewa a wuri ɗaya, kuma wannan yawan sauyi ya yi wa Dalziel rana. Samfuran da ya tara suna ɗauke da sunayen Zungeru da Lokoja da Kwantagora da Katagum da Yola da Sakkwato, wato ya ratsa ƙasar tun daga kurmin bakin Kwara har zuwa inda ƙaya ta fara rinjayar ganye.

Yadda ake aikin ba shi da wuyar faɗi, wahalarsa tana wajen yi. Mai tarawa zai yanki reshe mai ganye da fure, in da hali har da 'ya'ya, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya danne da katako, ya riƙa sauya takardun har ya bushe. Zai ba shi lamba, ya rubuta wurin da aka same shi da sunan da mutanen wurin suke kiran sa da abin da suke yi da shi. Daga nan sai a aika Lambun Kew da ke Landan, inda ake gwada shi da sauran samfuran da aka ajiye. In an samu makamancinsa a ba shi sunan da ke akwai, in ba a samu ba a raɗa sabo. Ta haka hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, ya samu sunan Boswellia dalzielii daga Hutchinson a 1910, kuma a 1916 W. B. Turrill ya raɗa wa wani gida sukutum sunan Dalzielia. A shekarar 1910 ɗin ce kuma mujallar Kew ta buga bayanansa a kan tsirran Lardin Yola.

Bai kamata a ɗauka sha'awa ce kawai ta sa likitan gwamnati wannan wahala ba. Hukumar da ta ɗauke shi aiki tana son sanin abin da ƙasar za ta iya fitarwa, irin su ƙaro da man kaɗe da auduga da kayan rini da na jima. Likita kuma yana da buƙatar sanin dafin da ake shafa wa kibiya, kamar kwankwani da tinya, da magungunan da majinyata suka sha kafin su iso gare shi. Aikin Dalziel ɗan zamaninsa ne, kuma amfanin mulkin mallaka yana cikinsa tsamo-tsamo. Abin da ya bambanta shi da sauran jami'an da suka aika ganye Landan shi ne ya ɗauki sunan Hausa da muhimmanci daidai da na Latin, ya bi shi gari gari yana tantancewa.

Ba kuma ƙasa ce ya tarar babu masana ba. A Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya taɓo sha'anin lafiyar jiki a littafinsa Masalih al-Insan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wata risala da ya keɓe ga filasko. Sai dai waɗannan ayyuka da Larabci aka yi su, kuma sun fi jingina da sunayen da littattafan ɗibbu na gabas suka zo da su. Sanin tsiro a dajinsa, da bambance shi da ɗan'uwansa, yana hannun maharba da wanzamai da ungozomomi da masu sassaƙe-sassaƙe da Fulani makiyaya. Wajen irin waɗannan mutane Dalziel ya ɗebi abin da ya rubuta.

4.0 Ƙamusun 1916

Littafin da ya fi shafar fagen nazarin Hausa shi ne A Hausa Botanical Vocabulary, wanda kamfanin T. Fisher Unwin ya buga a Landan a 1916. Ɗan ƙaramin littafi ne, shafukansa ba su kai 130 ba. An jera sunayen Hausa bisa tsarin abacada, kowane suna da na Latin a gabansa, sai taƙaitaccen bayani a kan siffar tsiron da amfaninsa, da wasu sunayen da ake kiran sa da su a wani wuri. Da yake Hausa ce ƙofar shiga littafin, mai jin Hausa yana iya amfani da shi ko da bai san kalmar Latin ko ɗaya ba, kuma a ganina wannan ne ya sa ya daɗe yana aiki.

Matsalar da ya fuskanta duk wanda ya yi aikin fili a yau ya san ta. Suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu ko uku, tsiro ɗaya kuma yakan amsa sunaye barkatai. Mutumin Kalgo ko Gwandu da ya ce guro da sure da kudaku, Bakano kuɓewa da yakuwa da dankali zai ce. Gujiyar da Basakkwace yake nufi ita ce gyaɗar Bakano, alhali a Kano gujiya wata aba ce daban. Wanda ya dogara da kunne kaɗai zai ruɗe, kuma ba zai san ya ruɗe ba. Dalziel ya tsira daga mafi yawan wannan tarko domin yana ɗaure suna da busasshen samfuri mai lamba, wanda wani zai iya zuwa bayan shekara ɗari ya duba ya ce an yi daidai ko an kuskure.

Akwai wani abu da littafin ya adana wanda mai yiwuwa marubucin bai nufa ba, wato yadda Bahaushe kansa yake raba tsirrai. Bahaushe yana da itace da haki da yaɗo, yana kuma da hanyar nuna kusanci ta hanyar jingina suna. In tsiro ya yi kama da wanda aka sani amma bai kai shi amfani ba, ko ya fi shi ƙaya, sai a kira shi namijinsa, ko a jingina shi ga kura ko biri ko daji. Wani lokaci wannan rabo yakan dace da na masana: magarya da magaryar kura duk 'yan gidan Ziziphus ne, tare da kurna. Wani lokaci kuma ya saɓa, domin gwanda da gwandar daji ko dangi ba su haɗa ba. A dangin shuwaka akwai misali mai daɗin nazari. Dayi, hakin nan mai ƙaya da raƙuma ke so, ɗan gidan Centaurea ne. Namijin dayi kuwa, wanda ake kuma kira nonon ɓarya saboda farin ruwan da yake fitarwa in an karya shi, a wani gida yake daban, amma danginsu ɗaya. Bahaushen da ya haɗa su bai san Kew ba, idonsa ne ya kai shi.

Littafin yana da gazawa, kuma bai kamata a rufe ta ba. An buga shi kafin a daidaita rubutun boko, haruffa masu lanƙwasa ba su shigo ba sai a shekarun 1930, kuma bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Saboda haka akwai sunayen da sai mutum ya je ya ji su a bakin mai su kafin ya san yadda ake furta su. Gazawar da ta fi wannan ciwo ita ce sunan da ke bangon littafin nasa ne shi kaɗai. Maharbin da ya nuna masa saiwa da tsohuwar da ta gaya masa abin da ake ba mai jego sun shige tarihi ba suna, alhali ilimin nasu ne.

5.0 Kew da Hutchinson

Bayan Nijeriya, Dalziel ya yi aiki a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya ajiye aikin gwamnati a 1922. A shekarar da ta biyo baya ya koma Kew, aka haɗa shi da John Hutchinson domin su rubuta Flora of West Tropical Africa. Mutanen biyu sun sha bamban. Hutchinson, wanda aka haifa a 1884, ya shiga Kew ne a 1904 a matsayin mai koyon aikin lambu, ya tashi a cikin ɗakin ajiyar samfura har ya zama gwani. Dalziel kuwa ya ga tsirran a tsaye a inda suke fitowa, ya san warinsu da lokacin furensu da sunansu a kasuwa. Kundin ya fito kashi huɗu, a 1927 da 1928 da 1931 da 1936, kuma dangin shuwaka yana cikin kashin 1931. Duk inda mai karatu ya ga Hutch. & Dalziel a bayan sunan Latin, su biyun ne suka raɗa sunan. Misali shi ne Artemisia maciverae, ɗaya daga cikin tsirran da ake kira tazargade.

Abin da ya sa kundin ya fita daban shi ne tsarin da aka bi wajen jera dangogi. Tsofaffin kundaye, irin su Flora of Tropical Africa da aka fara a 1868, sun bi tsarin Bentham da Hooker, wanda ya dogara da kamannin fure da 'ya'ya. Hutchinson yana da ra'ayin cewa jeri ya kamata ya nuna salsala, wato wane dangi ya fito daga wane, bisa ka'idar masana kimiyya ta sauyawar halittu a tsawon zamani. Ya shimfiɗa wannan ra'ayi a littafinsa The Families of Flowering Plants, wanda ya fito a 1926 da 1934, kuma da shi aka jera tsirran Afirka ta Yamma. Ginshiƙin tsarinsa shi ne raba tsirrai masu ganyen tsira biyu zuwa reshe biyu, na masu asalin itace da na masu asalin haki. Bahaushe zai ji wannan rabo ya kwanta masa, domin shi ma haka yake yi. Amma binciken baya ya rushe shi, tun da an gano itace da haki sukan fito daga tsatso ɗaya. Shuwaka kanta shaida ce, domin a dangin da aka lissafa cikin hakukuwa take, ga ta kuma takan girma a bayan gida har ta wuce tsawon mutum.

A 1937 Dalziel ya fitar da littafinsa mafi girma shi kaɗai, The Useful Plants of West Tropical Africa, mai shafi fiye da 600. An kira shi rataye ga kundin, amma ya fi kundin shiga hannun mutane, domin a cikinsa ne aka zuba sunayen tsirrai a harsuna da dama tare da amfaninsu na ci da magani da sana'a. Ya rasu a Chiswick, yammacin Landan, a ranar 21 ga Fabrairu, 1948.

6.0 Dangin Shuwaka Bayan Rasuwarsa

Dangin shuwaka yana cikin mafiya girma a duniyar tsirrai, da ire-ire fiye da 23,000. Alamarsa ita ce abin da ido ke gani kamar fure ɗaya, in an tsaga shi sai a tarar tarin ƙananan furanni ne a kan faifai guda. Latas ɗan dangin ne, haka rariyar ƙasa, haka kashin yawo, wanda baƙo ne daga Kudancin Amurka ko da yake ya zama ɗan gari a kowane juji. Gane dangin ba wuya, raba shi gida gida ne ya gagari masana tun zamanin Cassini na Faransa, wanda ya rasu a 1832.

Shekara biyu bayan rasuwar Dalziel, a 1950, Bajamushe Willi Hennig ya buga littafin da ya sauya yadda ake wannan rabo, aka fassara ra'ayinsa zuwa Ingilishi a 1966. Ka'idarsa ita ce ba a kiran rukuni gida sai ya ƙunshi kaka ɗaya da dukan zuriyarsa, ba a bar kowa a waje ba, ba a kuma shigo da bare ba. Hujjar zama 'yan gida ɗaya kuwa ita ce sabuwar siffar da suka gada tare, yawan kama kaɗai bai wadatar ba. Mutumin Gwandu ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, tun da ya san zama ɗan gidan Malam Abdullahi salsala ke tabbatar da shi, kama da unguwa ba su isa ba. Daga 1987, lokacin da Jansen da Palmer suka buga bincikensu, aka fara auna dangin shuwaka da ƙwayoyin gado, kuma a 1994 Kåre Bremer na Suwidin ya fitar da littafi sukutum da ya bi gidajen dangin da ma'aunin Hennig.

Gidan da guguwar ta fi kaɗawa shi ne Vernonia, inda Hutchinson da Dalziel suka tarar da shuwaka da ɗomashi suka kuma bar su. An kafa gidan a 1791, da sunan wani Bature mai tara tsirrai, William Vernon, kuma tsiron da aka kafa shi a kansa na Arewacin Amurka ne. Da tafiya ta yi nisa sai ya zama zauren baƙi, duk irin da ba a ga wata siffa ta musamman a jikinsa ba a tura shi can, har suka kai wajen 1,000. Rashin siffa kuwa ba ya zama hujjar dangantaka a ma'aunin Hennig. Masana suka duba ƙurar fure da gashin jikin tsiro da sinadaransa da adadin igiyoyin gadonsa, suka ga na Afirka da Asiya sun rabu da na Amurka. A 1996 masanin nan na Ile-Ife, M. A. Isawumi, da abokan aikinsa suka sanya ɗomashi, wato Vernonia kotschyana, a ƙarƙashin Baccharoides adoensis. A 1999 Harold Robinson na Cibiyar Smithsonian ya kwashe ire-iren wannan ɓangare na duniya da dama zuwa wasu gidaje, shuwaka ta koma Gymnanthemum amygdalinum. Sunan ba sabo ba ne, domin Cassini ya kafa gidan tun 1817, kwanciya ya yi aka tashe shi. Nonon ɓarya ma ya yi ƙaura, daga Lactuca, gidan latas, zuwa Launaea tun a 1966.

Ba kowa ne ya karɓi sauyin nan take ba. Kundin tsirran Afirka ta Gabas da Kew ta buga a 2000 ya bar Vernonia da faɗinsa, kuma mujallun harhaɗa magunguna na Nijeriya har yau Vernonia amygdalina suka fi rubutawa. Littattafan Dalziel su ma an sake su: Keay da Hepper sun sabunta kundin tsakanin 1954 da 1972, H. M. Burkill ya faɗaɗa littafin 1937 zuwa mujalladi shida tsakanin 1985 da 2004, Z. O. Gbile ya fitar da jerin sunayen Hausa a Ibadan a 1980, Roger Blench kuma ya sake bin ƙamusun 1916 yana gyara sunayen Latin.

Duk da haka na sha cin karo da kundayen digiri a kan magungunan gargajiya waɗanda suka ɗauko sunan Latin kai tsaye daga Bargery, suka liƙa shi a gaban sunan da aka ji a ƙauye, ba tare da an ga tsiron ba. Haɗarin ya fi bayyana a tazargade. Abin da mai magani zai auna wa mutum da wannan suna a kasuwar Kalgo busasshen ganye ne da aka riga aka marmasa, wasu masu bincike kuma suna kiran Artemisia annua da sunan, alhali ita daga Sin aka kawo ta. Ɗalibin da ya rubuta Artemisia maciverae don ya gan shi a littafi bai tabbatar da komai ba, sai in ya samu tsiron da furensa, ya danne shi a takarda, ya ba shi lamba, ya rubuta sunan wanda ya nuna masa da izininsa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, tana nan a yankin Kalgo, fadama da tudu duk suna kusa da ita, kuma dangin shuwaka sun fi yin fure daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu.